Jikan Najeriya a kan ƙanƙara: Shin Tij Iginla ya isa shiga babbar gasar NHL?

A daren 28 ga Yunin 2024, a birnin Las Vegas na Amurka, ƙungiyar Utah ta ƙwallon gorar ƙanƙara ta kira sunan wani yaro ɗan shekara 17 a matsayin mutum na shida da aka ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekarar. Sunansa Tij Iginla. Shi ne ɗan wasa na farko da ƙungiyar ta taɓa zaɓa, domin a lokacin wata biyu ke nan da kafa ta. Mai jin Yarabanci zai gane sunan nan take, domin ma'anarsa babbar bishiya. Kakansa na wajen uba Bayarabe ne ɗan Najeriya da ya koma Kanada da zama. Mahaifinsa kuwa shi ne Jarome Iginla, wanda ya ci ƙwallo 625 a gasar NHL, ya ɗauki lambar zinare ta Olamfik sau biyu da tawagar Kanada, a 2002 da 2010, aka kuma sanya shi cikin jerin gwarazan wasan a 2020.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a nan karin maganar ta faɗa daidai. Sai dai ƙungiyar Utah, wadda yanzu ake kira Utah Mammoth, ba sunan uba za ta tura fili ba. Tambayar da ke gabanta ita ce wadda kowace ƙungiya ke fama da ita game da matasan da ta zaɓa: yaushe yaro ya isa a jefa shi cikin manya? Yawan ƙwallayen da ya ci a gasar matasa ba ya amsa wannan tambaya, ko da yake shi ne abin da magoya baya suka fi kafa hujja da shi.

Wasan da ake auna mutum da minti

Ƙwallon gorar ƙanƙara 'yar uwa ce ga ƙwallon gorar da ake bugawa a kan ciyawa a Najeriya, amma kamannin bai wuce sanda da raga ba. 'Yan wasa suna sanya takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna zamiya a kan daskararren ruwa. Abin da suke bugawa wani ɗan faifan roba ne mai tauri, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, amma idan gwani ya sheme shi gudunsa kan zarce kilomita 160 a awa ɗaya. Filin gasar NHL yana da tsawon kimanin mita 61 da faɗin mita 26, an kewaye shi da katanga, kuma doka ta yarda ɗan wasa ya banke abokin hamayyar da ke riƙe da ƙwallo da kafaɗa ko da ƙugu, har ya matse shi da katangar.

Kowane ɓangare mutum shida ne a fili: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ana yin zango uku, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ban da mai tsaron raga babu wanda ke daɗewa a fili. Ɗan wasa kan shiga ya yi kamar daƙiƙa 45, ya fito ya huta, wani ya maye gurbinsa ba tare da an tsayar da wasa ba. Don haka koci yakan kasa 'yan gabansa 12 zuwa sahu huɗu na mutum uku-uku. Sahun farko kan tara kusan minti 20 a wasa ɗaya, kuma shi ake ba dama idan an hukunta ɗan wasan abokan hamayya, aka samu rinjayen mutum ɗaya. Sahu na huɗu kuwa yakan samu minti takwas zuwa goma, aikinsa hana ɓarna da gajiyar da abokan hamayya.

Duk muhawarar da za a yi a kan matashi, a wannan lissafi take komawa. Mutum biyu za su iya sanya riga ɗaya ta ƙungiya ɗaya a NHL, amma ɗaya yana koyon wasa, ɗayan yana ɗumama benci.

Tsanin da ba shi da matakin tsakiya

An kafa NHL a birnin Montreal a 1917, kuma yau tana da ƙungiyoyi 32, 25 a Amurka, bakwai a Kanada. A ƙarƙashinta akwai gasar AHL, inda kowace babbar ƙungiya take da ƙaramar ƙungiyar da take renon 'yan wasanta. Can ma manya ne ke bugawa, ƙwararru masu cin albashi, wasu sun haura shekara 30. Ƙasa da wannan sai gasannin matasa uku na Kanada, waɗanda 'yan shekara 16 zuwa 20 ke bugawa. Ɗaya daga cikinsu ita ce WHL ta yammacin ƙasar, inda Tij Iginla ya tashi.

A hankalce yaron da ya fi ƙarfin gasar matasa, amma bai kai na NHL ba, sai ya tafi AHL. To amma shekara da shekaru akwai yarjejeniya tsakanin NHL da gasannin matasan Kanada wadda ta hana hakan. Ɗan wasan da aka zaɓa daga cikinsu, muddin bai kai shekara 20 ba ko bai cika kaka huɗu a can ba, a da zaɓi biyu ne kawai gare shi: ko ya zauna a NHL, ko ya koma wurin yara. An yi haka ne don kare ƙungiyoyin matasa, waɗanda ke cika filayensu a ƙananan garuruwa da sunayen irin waɗannan taurari. Wanda ya zo daga Turai wannan doka ba ta ɗaure shi. Shi ya sa ake ganin ɗan Sweden ko ɗan Finland mai shekara 18 yana bugawa a AHL, alhali sa'ansa ɗan Kanada ba shi da wannan dama.

Ita wannan doka ce ta riƙe Tij Iginla a garin Kelowna kaka biyu bayan an zaɓe shi.

Abin da ya nuna, da abin da ya rasa

Farkonsa bai yi armashi ba. A kakar 2022/23 yana ƙungiyar Seattle Thunderbirds, wadda ta cika da manyan matasa har ta lashe kofin WHL, kuma shi a can ƙasa yake. Ya buga wasa 48, ya ci ƙwallo shida, ya tara maki 18. A wannan wasa ana ba ɗan wasa maki ɗaya idan ya ci ƙwallo, da maki ɗaya idan ya taimaka aka ci. Da aka sayar da shi ga Kelowna Rockets, aka ba shi wuri a sahun gaba, sai ya zama wani mutum daban: ƙwallo 47 da maki 84 a wasa 64. Yaro ɗaya ne, shekara ɗaya ce tsakani, abin da ya fi sauyawa shi ne mintin da ake ba shi. A ƙarshen kakar ya je Finland da tawagar Kanada ta 'yan ƙasa da shekara 18, suka dawo da zinare.

Abin da masu farautar 'yan wasa suka gani a jikinsa shi ne bugu mai sauri wanda mai tsaron raga ba ya ganin fitowarsa, da naci wajen ƙwato ƙwallo a jikin katanga, da rashin tsoron kutsawa bakin raga inda ake shan gwiwa da sanda. Tsayinsa ya kai kimanin mita 1.83, kuma yana iya bugawa a gefe ko a tsakiya.

Kakar 2024/25 ta fara da kyau, ƙwallo 14 da maki 32 a wasa 21. Sai a watan Disamba aka sanar cewa an yi masa tiyata a ƙugu, kuma ba zai sake bugawa ba a kakar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zamiya a kan ƙanƙara. Mai gudu a ƙasa gaba yake tura ƙafarsa, mai zamiya kuwa gefe yake tura ta, kuma duk ƙarfin tashi da juyawa daga ƙugu yake fitowa. Bayan rauni, ya rasa kusan kashi biyu cikin uku na wasannin shekarar da ya cika 18, ya kuma shafe watannin da sa'o'insa ke gina jiki yana jinya. A kakar 2025/26 Utah ta duba shi a sansanin atisaye, ta sake mayar da shi Kelowna, garin da aka ba karɓar baƙuncin gasar Kofin Memorial ta 2026, wadda ita ce ƙololuwar wasan matasa a Kanada. A tsakiyar kakar ya samu shiga tawagar Kanada ta 'yan ƙasa da shekara 20 da ta ɗauki tagulla a gasar duniya.

Me ya sa ƙwallayen gasar matasa suke ruɗi

Ɗan shekara 19 da ke cin ƙwallo a WHL yana yawan karawa ne da 'yan baya masu shekara 17, waɗanda mafi yawansu ba za su taɓa cin abinci da wannan wasa ba. Idan ya karɓi ƙwallo yana da sararin ɗaga kai ya duba, ya yi shawara. A NHL wannan sarari babu shi. Wanda zai tare shi ƙato ne mai nauyin kilo 95 ko fiye, wanda ya shekara goma yana wannan aiki, ya san inda yaro zai juya tun kafin ya juya. Dabarar da ke wuce mutum biyu a Kelowna, a can ƙwace ƙwallo za a yi, kafin ya waiwaya an kai hari ragar ƙungiyarsa.

Wannan ne ya sa koci a NHL ba ya fara tambayar ƙwallo nawa yaro zai ci. Abin da yake so ya sani shi ne me yaron yake yi idan ƙwallo ba ta wurinsa. Shin yana dawowa baya da gudu? Ya san wanda zai tsare? Idan an matse shi da katanga a gefen ƙungiyarsa, zai iya fitar da ƙwallo ba tare da ya miƙa wa abokan hamayya ba? Tauraron gasar matasa sau da yawa bai taɓa buƙatar koyon waɗannan ba, domin ƙwallo kullum tana kan sandarsa. Kocin da aikinsa ya rataya a kan sakamako kuwa ba zai saka wanda bai amince da shi ba a minti biyar na ƙarshe.

Sai kuma tsawon kaka. WHL wasa 68 take yi, NHL 82, kuma sabuwar yarjejeniyar ƙungiyoyi da 'yan wasa ta ƙara su zuwa 84 daga kakar 2026/27. Ana iya buga wasa yau a wani gari, gobe a wani mai nisan ɗaruruwan kilomita. Jikin da bai gama ƙosawa ba yakan ɗauki watan Oktoba da Nuwamba lafiya, sai a Janairu ya fara ba da kai.

Wasa tara, wasa arba'in, da maganar kuɗi

Ba ƙwarewa kaɗai ake dubawa ba, akwai lissafin kwantiragi. Matashin da aka zaɓa yakan sa hannu a kan kwantiragin farko na shekara uku, wanda aka ƙayyade albashinsa. Ga waɗanda aka zaɓa a 2024 bai wuce dala 975,000 a shekara ba, ban da ladan ƙwazo. A gasar da ta ƙayyade wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe a albashi, dala miliyan 95.5 a kakar 2025/26, gwanin da ke karɓar ƙasa da miliyan ɗaya dukiya ce babba. Don haka ƙungiyoyi ba sa son shekarun nan uku su tafi a banza yayin da yaro ke zaune a benci.

Doka ta ba su mafita. Ɗan shekara 18 ko 19 zai iya buga wasa tara a NHL, a mayar da shi ƙasa, kuma ba za a lissafa shekarar cikin ukun ba. Da zarar ya buga na goma, shekara ta ƙone. Akwai kuma iyaka ta biyu da mutane ba su cika lura da ita ba: idan sunansa ya kai wasa 40 a jerin 'yan wasan ƙungiya, an lissafa masa kaka guda cikin bakwai da yake buƙata kafin ya samu 'yancin tafiya duk ƙungiyar da ya ga dama. Idan aka ji manaja yana cewa yaro na buƙatar ƙarin gogewa daidai lokacin da ya buga wasa na tara, ba lallai ne ƙarya yake yi ba, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Waɗanda suka riga shi

Babu wanda labarinsa ya fi nuna illar rashin matakin tsakiya kamar Shane Wright. Tun yana ɗan shekara 15 aka ba shi izini na musamman ya shiga gasar matasa ta Ontario, aka daɗe ana ɗaukarsa a matsayin wanda za a zaɓa farko a 2022, amma ya faɗo na huɗu, Seattle Kraken ta ɗauke shi. Ƙungiyar ta ga ya wuce gasar yara, amma koci bai yarda da shi ba. Sai ya zamana yau ya buga kimanin minti takwas, gobe ya kalli wasa daga saman fili cikin kwat. A kakar ya buga wasa takwas kacal a NHL, ya ci ƙwallo ɗaya. An tura shi AHL na mako biyu da sunan motsa jiki, ya ci ƙwallo huɗu a wasa biyar, aka ba da shi aro ga tawagar Kanada, daga nan aka mayar da shi gasar matasa a garin Windsor. Riga huɗu a kaka ɗaya. Sai a shekara ta biyu, da aka yi masa sassauci ya zauna a AHL, ya buga wasa 59 ya tara maki 47, sannan a kakar 2024/25 ya samu gindin zama a Seattle da ƙwallo 19 da maki 44.

Wanda aka fifita a kansa a wannan zaɓe, Juraj Slafkovský ɗan Slovakiya, hanyarsa daban ce. Yana ɗan shekara 17 ya ci ƙwallo bakwai a Olamfik na Beijing, aka zaɓe shi gwarzon gasar, kuma jikinsa na manya ne. Montreal ta riƙe shi a NHL, ko da yake tana da damar tura shi AHL. Ya buga wasa 39, ya ci ƙwallo huɗu, ya sha banka iri-iri saboda bai saba da ƙaramin fili ba, sannan rauni a gwiwa ya kawo ƙarshen kakarsa a watan Janairun 2023. An yi ta cewa an lalata yaron. Shekara ta biyu da aka haɗa shi da manyan 'yan gaban ƙungiyar, ya ci ƙwallo 20 ya tara maki 50, kuma Montreal ta ba shi kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 60.8.

Ke nan wahalar shekarar farko ba ta kashe kowa. Jack Hughes ya ci ƙwallo bakwai a wasa 61 a kakarsa ta farko, bayan shekara uku ya ci 43. Akasin haka ma yana faruwa. Nail Yakupov, wanda Edmonton ta zaɓa farko a 2012, ya ci ƙwallo 17 a wasa 48 na kakarsa ta farko, fiye da kowane sabon ɗan wasa a shekarar, amma bai taɓa zarce wannan adadi ba, kuma zuwa 2018 ya bar gasar.

Misalin da mutanen Kelowna suka fi tunawa shi ne na Leon Draisaitl ɗan Jamus. Edmonton ta zaɓe shi na uku a 2014, ta riƙe shi, ya buga wasa 37 ya ci ƙwallo biyu. A watan Janairun 2015, gab da iyakar wasa 40, ta sauke shi zuwa WHL, ya faɗa hannun Kelowna Rockets. Ya kai su ga kofin gasar, aka zaɓe shi gwarzon Kofin Memorial duk da sun sha kashi a wasan ƙarshe. Bayan shekara biyar shi ne gwarzon NHL baki ɗaya, da maki 110. Komawa baya bai rage shi da komai ba.

Akwai dai 'yan ƙalilan da ba a muhawara a kansu. Connor Bedard ya ci ƙwallo 71 a wasa 57 a WHL, Chicago ta zaɓe shi farko a 2023, ya tara maki 61 a wasa 68, ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa. Amma ko shi an karya masa muƙamuƙi a watan Janairun 2024, ya rasa wasa 14. Kuma abin da ya ba shi damar buga kusan minti 20 a kowane wasa shi ne ƙungiyarsa tana can ƙasan teburi, ba ta da abin da za ta yi asara. Haka Macklin Celebrini, wanda aka zaɓa farko a shekarar su Tij, ya samu fili a San Jose.

Hanyar da uban ya bi

Jarome Iginla kansa bai shiga NHL kai tsaye ba. Dallas ta zaɓe shi na 11 a 1995, aka mayar da shi ƙungiyar matasa ta Kamloops, inda ya ci ƙwallo 63 a wasa 63. Ana cikin kakar aka sayar da shi ga Calgary. Da Kamloops ta gama wasanninta a 1996, sai Calgary ta kira shi ana tsakiyar fafatawar neman Kofin Stanley da Chicago. Ya taimaka aka ci ƙwallo a wasansa na farko, ya ci da kansa a na biyu. Kakarsa ta farko cikakkiya ta kawo ƙwallo 21, ta biyu ta sauko zuwa 13. Sai a kakar 2001/02, yana ɗan shekara 24, ya ci 52 ya fi kowa a gasar. Mutumin da ake auna ɗansa da shi a yau, shekara shida ya ɗauka kafin ya zama abin da ake tunawa.

Yawancin waɗanda ake zaɓa ma ba sa kaiwa ko kusa da nan. Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya a 1975, ya tashi a Kanada, shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga a NHL. Buffalo ta zaɓe shi na 69 a 1994, ya yi shekaru yana hawa da sauka tsakanin AHL da babbar gasar, kuma jimillar wasanninsa a NHL 69 ne. A cikin mutum fiye da 200 da ake zaɓa kowace shekara, wannan ma nasara ce da da yawa ba sa samu.

Ina wurinsa a Utah?

Ranar 1 ga Agustan 2026 Tij Iginla zai cika shekara 20, kuma daga nan lissafin ya sauya gaba ɗaya. Ƙofar AHL za ta buɗe masa, wato ƙungiyar Tucson Roadrunners da ke jihar Arizona, inda Utah ke renon 'yan wasanta. Dabarar wasa tara ta daina aiki a kansa, domin kwantiraginsa zai fara tafiya ko a ina ya buga. Ƙungiyar kuma za ta iya hawa da sauka da shi tsakanin Tucson da Salt Lake City ba tare da ta fara tallata shi ga sauran ƙungiyoyi ba. Ke nan maganar kuɗi ta ragu, saura maganar wasa zalla.

A nan ne matsalar take, domin Utah ba San Jose ba ce. Ba ta samu shiga zagayen neman Kofin Stanley ba a kakarta ta farko, kuma masu ita sun kashe kuɗi don su ga an shiga. Tana da kyaftin Clayton Keller, da Logan Cooley, da Dylan Guenther, sannan ta sayo JJ Peterka daga Buffalo a 2025. Waɗannan ne ke cin mintin sahun farko da na biyu. Sabon yaro ba zai samu wuri don kawai an zaɓe shi na shida ba, sai ya ture wani.

Manajan ƙungiyar Bill Armstrong da koci André Tourigny sun taɓa fuskantar irin wannan shawara tun ƙungiyar tana Arizona, kuma a kan Guenther ne. An zaɓe shi na tara a 2021. A kakar 2022/23 ya buga wasa 33 a NHL, ya ci ƙwallo shida, sai aka mayar da shi gasar matasa, inda ya tarar da Tij Iginla a Seattle Thunderbirds suka ɗauki kofi tare. Kaka ta gaba, yana ɗan shekara 20, ba a ba shi wuri a babbar ƙungiya ba, aka tura shi Tucson. Ya buga wasa 29 a can, aka kira shi a watan Janairun 2024, ya ci ƙwallo 18 a wasa 45, bai sake sauka ba. Shi ne ya ci ƙwallon farko a tarihin Utah, ranar 8 ga Oktoban 2024, bayan ya sa hannu a kan kwantiragin shekara takwas.

Idan aka haɗa waɗannan duka, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne Tij Iginla ya gama da gasar matasa, babu sauran abin da zai koya a can, kuma bugunsa zai iya cin mai tsaron raga na NHL tun yau. Abin da bai nuna ba tukuna shi ne ko ƙugun da aka yi wa tiyata zai jure wata shida na karo da manya, da ko koci zai iya sakin jiki da shi idan ƙwallo tana gefen Utah. Ba a gane waɗannan a wasannin share fage na watan Satumba, inda rabin 'yan wasan da ke fili su ma matasa ne masu neman wuri. Idan ya ƙwaci gurbi a sahu na biyu ko na uku, inda zai samu minti 14 ko 15 tare da ƙwararren ɗan tsakiya, babu dalilin hana shi. Idan kuwa abin da ya rage sahu na huɗu ne da zaman benci, to minti 20 a Tucson, yana buga duk wani yanayi na wasa, ya fi masa amfani, ko da magoya baya za su yi gunaguni, ko da masu sayar da riga mai sunan Iginla za su so akasin haka.

Mai son bin labarin daga nan gida, idan aka fara kakar 2026/27 ya ga sunan yaron a jerin 'yan wasan Utah, to ya duba takardar sakamakon wasa, a layin da ake rubuta mintin da kowane ɗan wasa ya yi a fili, ya kuma duba su wa aka haɗa shi da su a sahu.